Littafin da Mutuwa ke ba da labari a cikinsa, kuma nake so yaranmu su karanta

A wajen masu baje tsofaffin littattafai a ƙasa na same shi, bangonsa ya ɗan yage, shafukan farko kuma da alamar an taɓa ɓarar da shayi a kansu, ga shi da kauri shafi sama da 500. Ban saya don kaina ba, ɗiyar yayata ce ta gama jarrabawar fita sakandare tana zaune a gida ba abin yi sai waya, na ce bari in kai mata wani abu da zai ɗauke mata hankali. Da dare na ce bari in leƙa shafi biyu uku in ga ko ya dace da ita, wallahi ban kai mata shi ba sai bayan kwana tara, don sai da na kai ƙarshensa tukuna.

Sunan littafin The Book Thief, a Hausance Ɓarauniyar Littafi. Wanda ya rubuta shi Markus Zusak ne, mutumin Sidni ta ƙasar Ostireliya, an haife shi a 1975, littafin kuma ya fito a 2005. Mahaifiyarsa 'yar Jamus ce mahaifinsa ɗan Ostiriya, dukkansu suna yara aka yi yaƙin duniya na biyu a kan idonsu, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa labaran da yake ji a gida suna hira su ne tushen littafin. Akwai guda ɗaya da mahaifiyarsa ta ba shi, na yadda aka taso ƙeyar Yahudawa ta cikin garinsu za a kai su Dachau, sansanin da gwamnatin Hitila ke tsare mutane tana azabtar da su, wani yaro ya miƙa wa wani tsoho da ya galabaita burodi, soja ya zane tsohon ya zane yaron. Wannan labarin yana cikin littafin, an dai sauya wanda ya miƙa burodin.

Labarin kansa a taƙaice: wata yarinya ce Liesel Meminger, shekararta tara, farkon 1939 uwarta ta ɗauko ta ita da ƙaninta a jirgin ƙasa za ta kai su riƙo wajen wasu mutane saboda ita ba za ta iya tsare su ba, uban ɗan kwaminisanci ne, gwamnatin Hitila kuwa farautarsu take yi. Ƙanin ya rasu a hanya, aka binne shi cikin dusar ƙanƙara, a wajen binnewar ne wani ɗan littafi ya faɗo daga aljihun yaron masu haƙa kabari ta ɗauke ta ɓoye. Ba ta ma iya karatu ba a lokacin. Littafin koyar da aikin haƙa kabari ne, kuma da shi ta koyi karatu. Masu riƙon nata su ne Hans da Rosa Hubermann, talakawa ne a wani layi mai suna Himmel a garin Molching, garin ƙirƙira ne amma marubucin ya ajiye shi kusa da Munik, dab da Dachau wanda shi kam sansani ne na gaske da aka buɗe tun 1933.

To abin da ya fara ɗaure min kai shi ne mai ba da labarin. Mutuwa ce. Ita ke magana tun daga layin farko har na ƙarshe, tana cewa ni na ɗauki wane, ni na je wuri kaza. (A littafin muryar ta fi kama da ta namiji, amma mu a Hausa mutuwa mace ce, don haka ta zan riƙa cewa.) Na san akwai iyayen da da jin haka za su ce a'a ba da ɗana ba, kuma ni ma na ɗan tsaya na yi tunani. Amma da na ci gaba sai na ga babu inda ake da'awar wannan mala'ikan mutuwa ne ko ana ba da labarin lahira, ba a shiga batun hisabi ko makomar kowa ba, dabarar rubutu ce kawai irin wadda mu ma muna da ita tun tuni. Mawaƙanmu na wa'azi ai sun sha mayar da duniya tsohuwa mai kwalliya tana yaudarar mutane, kuma kullum muna cewa mutuwa ta yi mana sata, mutuwa ba ta sallama, ba wanda ya ɗauka cewa wata mata ce da zani. Duk da haka idan za ka ba yaro, ka zauna ka gaya masa wannan tun farko, magana ce ta minti biyar.

Me ya sa marubucin ya zaɓi haka, wannan shi ne abin da na fi daɗewa ina juyawa. Ka duba, da yarinyar ce ke ba da labarin da bakinta, abin da ta gani kawai za mu gani, layinsu da makarantarsu da kwandon wankin da take kai wa gidajen masu kuɗi. Ƙaramar yarinya ba ta san me ake yi a Stalingrad ba, birnin Rasha da aka gwabza ƙazamin yaƙi, ba ta san me ke faruwa a bayan wayar sansani ba. Da kuma wani masanin tarihi ne ke bayarwa sai a cika mu da alƙaluma, miliyan shida na Yahudawan da aka hallaka, miliyoyin da suka mutu a fagen daga, kuma gaskiya adadi idan ya yi yawa zuciya ba ta iya ɗaukarsa, sai ya zama lamba kawai. Mutuwa ce kaɗai take ko'ina a lokaci guda, tana ɗakin Liesel tana Rasha tana Faransa, sai ta ɗauke ka daga teburin da ake shan miyar wake ta kai ka inda ake kwasar rayuka dubbai ta dawo da kai kafin miyar ta huce. Kuma ba a zana ta a matsayin muguwa mai jin daɗin aikinta ba, a gajiye take, aiki ya yi mata yawa saboda abin da mutane ke yi wa junansu, har tana ɗauke kai ta kalli launin sama duk lokacin da za ta ɗauki rai don kada ta kalli waɗanda aka bari suna kuka. Sau uku ta ce ta haɗu da Liesel, launukan ranakun su ne fari da baƙi da ja, ka haɗa su ka ga sun ba ka tutar jam'iyyar Hitila.

Wani abu kuma da zai ba mai karatu haushi da farko, Mutuwa ba ta ɓoye ƙarshen labari. Akwai wani yaro maƙwabcinsu Rudy Steiner, mai gashi ruwan lemon tsami, kullum cikin yunwa kullum cikin rigima, wanda bayan gasar Olamfik ta Balin a 1936 ya shafe jikinsa da gawayi ya je fili da dare yana gudu wai shi ne Jesse Owens, baƙar fatan Amurkan nan da ya ci zinare huɗu a gaban Hitila. Ubansa ya kamo shi yana rawar jiki yana ƙoƙarin fahimtar da shi cewa a ƙasar nan ba a son zama baƙi, yaron ya kasa gane dalili. To wannan yaron da ka riga ka ƙaunace shi, ana tsakiyar littafi Mutuwa za ta gaya maka kai tsaye cewa ba zai yi tsawon rai ba, saura kamar shekara biyu. Na rufe littafin na ajiye lokacin da na zo wurin, raina ya ɓaci. Amma daga baya na gane abin da aka yi min. Tunda na san zai tafi, duk abin da ya yi bayan nan sai ya ƙara nauyi, satar tuffa da suke yi, tsallen da ya yi cikin kogin Amper a tsakiyar hunturu don ya tsamo mata littafinta da wani ya jefa, duk ina karantawa ina jin kamar in riƙe shi. Wanda ya taɓa jinyar mutumin da likita ya riga ya faɗi gaskiya a kansa ya san irin wannan zaman, ko ruwa ya ce ka miƙo masa sai ka riƙe abin a ranka.

Sai Hans. Ni dai a duk littattafan da na karanta ban cika haɗuwa da uba irinsa ba. Mai fenti ne, ba ya da wani ilimi mai zurfi, karatunsa ma da ƙyar yake haɗawa, yana naɗa tabarsa da hannu yana kaɗa akodiyon, wani abin kiɗa da ake ja ana matsawa kamar zugazugin maƙeri. Yarinyar tana firgita kowane dare tana mafarkin ƙaninta, shi ke zuwa ya zauna a gefen gadon har gari ya kusa wayewa. Ranar da ta yi fitsarin kwance yana cire zanin gado littafin nan na kabari ya faɗo, bai tambaye ta ina ta samo ba bai yi mata faɗa ba, cewa ya yi kina so mu karanta? Da tsakar dare suka fara, yana rubuta mata baƙaƙe a bayan takardar goge katako, daga baya suka koma ɗakin ƙarƙashin ƙasa suna rubutu da fenti a bango. Da Kirsimeti ya zo ba shi da ko sisi, tabarsa ya bayar aka ba shi littattafai biyu ya kawo mata. Matarsa Rosa kuma masifaffiya ce ta gaske, wanki da guga take yi, bakinta ba ya rabuwa da zagi, ludayin katako na hannunta kullum, za ka tsane ta a shafukan farko. Amma daren da baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa, wanda ɓoye shi zai iya jawo a hallaka gidan gaba ɗaya, ba ta ce uffan ba, miya ta zuba masa. Duk wanda ya tashi a hannun irin gwaggon nan mai faɗa wadda kuma ita ce ke fara kuka idan ka kwanta ciwo, zai gane Rosa.

Baƙon shi ne Max Vandenburg, Bayahude ɗan shekara 24. Mahaifinsa abokin Hans ne a yaƙin duniya na farko, shi ya koya wa Hans akodiyon, shi ne kuma ya ba da sunan Hans a aikin rubuta wasiƙu ranar da aka tura sauran rundunar aka kashe su duka har da mahaifin Max ɗin. Hans ya je ya yi wa matar mamacin alkawari cewa duk ranar da take da buƙata ta neme shi, sai ga buƙatar ta zo bayan shekara ashirin da wani abu, a watan Nuwamban 1940, lokacin da dokokin Nuremberg na 1935 sun riga sun raba Yahudawa da 'yancin zama 'yan ƙasa, an kuma riga an farfasa shagunansu da wuraren ibadarsu a daren nan na Nuwamban 1938. Hans bai yi dogon jawabi ba, alkawari ne ya ɗauka kuma ya cika. Ina karanta wurin sai na tuna da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye mutum sama da 260 mafi yawansu Kiristoci a masallaci da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana maharan shiga. Shi ba ƙagaggen labari ba ne, a Filato aka yi, kuma shi ya sa ban ga Hans a matsayin wani mutumin da ba zai yiwu a samu ba.

Amma zuciyar littafin a wajena ba ɓoye Max ba ce, batun kalma ce. Ka lura, Hitila kafin ya samu bindiga ko ɗaya baki ya samu, jawabi da rediyo da littafinsa Mein Kampf wanda har sababbin ma'aurata ake raba wa kyauta. Ya ɗauki shekaru yana maimaita wa mutanen da talauci da kunyar faɗuwa yaƙi suka dama cewa ga waɗanda suka jawo muku, har maƙwabci ya daina ganin maƙwabcinsa a matsayin mutum. Kuma gwamnatin da ta hau da kalma ta fi kowa sanin haɗarinta, shi ya sa tun watan Mayun 1933 aka fara tara littattafai ana cinna musu wuta a filayen gari. A cikin labarin an yi irin wannan ƙonawar ranar bikin haihuwar Hitila a Afirilun 1940, Liesel na tsaye cikin kayan ƙungiyar matasan jam'iyya, a nan ta ji mai jawabi ya ambaci 'yan kwaminisanci ta haɗa lissafi ta gane wanda ya raba ta da uwarta. Da taro ya watse ta zaro littafi ɗaya daga ƙasan toka ta cusa cikin riga yana ƙona mata fata tana tafiya.

To ga inda marubucin ya burge ni. Max da Mein Kampf ya yi tafiyarsa zuwa Molching, yana riƙe da shi a jirgi don kada a zarge shi, makullin gidan Hans na manne a cikin bangon. Wato littafin da ya ce a shafe irinsa daga doron ƙasa shi ya rako shi lafiya. Da ya zauna a ɗakin ƙasa sai ya yage shafukan ya shafe su da farin fentin Hans ya shanya, ya rubuta wa Liesel nasa labarin a kai da zane-zane, kuma an buga shafukan a cikin littafin yadda za ka ga rubutun Hitila yana ɗan leƙowa ta ƙarƙashin fentin. Na daɗe ina kallon shafukan nan. Ita kuma abin da take biyansa da shi, tunda shi ba ya ganin rana, kullum ta dawo sai ya ce ta gaya masa yadda sama take yau, ba da kalmomin da aka saba ba, da nata. Haka ya mayar da ita marubuciya ba tare da ta sani ba. Daga baya da jirage suka fara ruwan bam, mutanen layi sun taru a ɗakin ƙasa na wani gida yara na ihu manya na rawar jiki, ta buɗe littafi ta fara karatu da ƙarfi, a hankali wurin ya yi tsit. Har wata maƙwabciya da ta shekara tana tofa yawu a ƙofarsu saboda gaba da Rosa ta zo tana roƙon a riƙa turo yarinyar ta yi mata karatu ta biya da rabonta na kofi.

Kuma ba a yi mana wayo an ce karatu maganin komai ba ne. Karatun bai tare bam ko ɗaya ba. Akwai ranar da Liesel ta shiga ɗakin littattafan matar magajin gari, inda ta saba shiga ta taga tana ɗauka, ta kama littafi ta yayyaga shi don ta tsani kalmomi, tana ganin ba don su ba da duk wannan bai faru ba. Alherin Hans ma bai zo da sakamako mai daɗi ba, shi ne ya miƙa burodin nan a 1942, aka zane shi a bainar jama'a, dole Max ya bar gidan a daren don tsoron bincike, shi kuma aka tura shi aikin soja. Ya zauna yana cizon yatsa yana ganin wautarsa ce ta jefa yaron cikin haɗari. Wannan gaskiyar ce ta sa na yarda da littafin, don yaro ɗan shekara 15 ya riga ya san cewa ba kullum mai kirki ke cin riba ba, idan ka gaya masa akasin haka ya daina sauraronka.

Na san kuma akwai wanda zai ce, da abin da muke gani ana yi a Gaza, shi ba ya da zuciyar karanta labarin wahalar Yahudawa. Na fahimci zafin, ni ma ina jinsa. Amma Max ba gwamnati ba ne ba soja ba ne, saurayi ne da ke kwana a bayan gwangwanayen fenti yana jin kunyar cewa yana raye alhali ya baro mahaifiyarsa. Kuma littafin bai tsaya kan ɓangare ɗaya ba, yaran Jamusawan da bama-baman Amurka da Ingila suka kashe suna barci su ma an yi makokinsu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Wanda hoton yaro a ƙarƙashin ɓaraguzai ya hana shi barci, idan ya kai shafukan ƙarshe zai ga abin da ya riga ya sani ne.

Laifinsa fa akwai. Farkonsa yana da nauyi, shafi talatin ɗin farko sai ka daure saboda Mutuwa na ta kewaye-kewaye kafin labari ya miƙe. Marubucin yana son ƙawata magana, wani lokaci har ya wuce gona da iri, kwatance kan kwatance, kuma yaron da Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai sha wuya a wasu wuraren. Akwai zage-zagen Rosa da Jamusanci, akwai batun sumba da Rudy ke ta roƙo tun suna yara, akwai wanda ya kashe kansa bayan ya dawo daga Stalingrad. Wasu masu sharhi kuma sun ce ya fi mayar da hankali kan Jamusawan kirki alhali su ne 'yan tsiraru, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, ko da yake ɗan Hans na cikinsa riƙaƙƙen ɗan jam'iyya ne da ya kira ubansa matsoraci ya fice daga gidan. Abin lura, a Ostireliya a matsayin littafin manya aka fara fitar da shi, sai da ya je Amurka a 2006 aka sa shi a sahun na matasa, ya kuma samu karramawar Printz ta littattafan matasa a 2007. Don haka ni ba zan ba ɗan firamare ba, daga shekara 14 zuwa sama dai, kuma iyaye su ma su karanta. An yi fim ɗinsa a 2013, ba laifi, amma muryar Mutuwa da ita ce ƙashin bayan abin kusan duk ta zube a fim ɗin, a fara da littafin.

Da na kai wa ɗiyar tawa ta juya shi ta ce Kawu wannan ai ya yi kauri, na ce ki ba shi kwana uku idan bai kama ki ba ki dawo min da abina. Ba ta dawo da shi ba. Yayata ce ta kira ni tana cewa me ka ba yarinyar nan, an ce ta ɗora tukunya ta bar min shinkafa ta kama. Bayan kamar sati biyu da daddare wajen ƙarfe goma sha ɗaya sai ga kiranta, na ɗauka na ji shiru sai jan hanci, na ce ke lafiya? Ta ce Kawu ai ta gaya mana tun tuni zai mutu, na sani, amma na ɗauka za ta fasa. Na ce ina kika kai, ta ce saura shafi goma sha biyu kuma ta kasa ci gaba. Na ce to ajiye ki kwanta da safe ki ƙarasa, ta ce a'a, kawai kada in kashe wayar.